Takardar Koke Kan Masu Maganin Taɓin Hankali da Babu Mai Sa Musu Ido

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jiha,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.



Ranka ya daɗe, mu iyaye ne da 'yan'uwa masu jinyar waɗanda Allah Ya jarrabta da taɓin hankali, muka haɗu domin mu kawo kukanmu gare ka.

Ba mu zo sukar maganin gargajiya ba, ba mu kuma raina ruƙiyya ba. Babu gida a cikinmu da bai sha rubutu ko ya nemi tofi ba, kuma da yawa sun sami natsuwa a ciki. Idan yaro ya fara sambatu da tsakar dare, malamin unguwa ne a kusa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, asibitocinsu kuwa, irin na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri, tafiya ce mai cin kuɗi ga talakan ƙauye.

Kukanmu a kan waɗanda suka mai da wannan rashi kasuwa ne. Ranar kasuwa mota za ta tsaya da lasifika, a ɗaga kwalba guda a ce tana maganin basir da shawara da sammu da aljanu, a rediyo ma haka. Wani kuma garin zaƙami yake zubawa a cikin haɗinsa, tsiron da Bahaushe da kansa ya sa wa suna haukata-yaro. Idan an tambaya sai a nuna lambar NAFDAC, alhali lambar da hukumar take fara bai wa maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba ba ya cutarwa, ba shaidar yana warkarwa ba. Wasu kwalaben ko lambar ma ba su da ita.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne sharaɗin da ake gindaya wa marar lafiya: sai ya zubar da ƙwayoyin asibiti, wai aljani ba ya zama da maganin Bature. Mutum ya sami sauƙi, ya koma gona ko shago, har an fara zancen aurensa, sai a raba shi da maganinsa rana guda. Ba a jimawa ciwon zai dawo, sau da yawa ya fi na farko tsanani, sai a ce iskar ce ta yi fushi, a ƙaro kuɗin hayaƙi. Cikinmu akwai wanda ya sayar da gona a kan wannan hanya, akwai uwar da ta karɓo ɗanta da tabon mari a ƙafa da shatin bulala a baya.

Ranka ya daɗe, ba a manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasunsu cikin sarƙa, aka kuma sake ganin irinsa a Daura cikin Oktoba. An rufe gidaje, amma larurar da ta kai iyaye can tana nan. Samame kaɗai ba ya warkar da kowa. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma hana azabtar da marar lafiya da wulaƙanta shi. Muna so mu ga aikinta a unguwanninmu.

Abin da muke nema an taɓa gwada shi. Tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya a Aro ta Abeokuta. A 2020 kuma binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ya nuna cewa idan ma'aikatan lafiya na matakin farko suna ziyartar gidajen masu magani suna aiki tare da su, marasa lafiya sun fi samun sauƙi.

Don haka muna roƙo a yi wa duk mai karɓar masu taɓin hankali rajista, a riƙa shiga ana duba su, a haramta mari da duka, a hukunta wanda ya hana marar lafiya shan maganinsa. A tace tallan rediyo. Sama da komai, a kawo magungunan ƙwaƙwalwa asibitin kusa da mu da farashin da za mu iya, a horar da ma'aikaci ko da guda ne a kowace ƙaramar hukuma, a kuma zauna da malamai da sarkin magani, domin su ne za su fara turo mana mutane da wuri. Nagari a cikinsu suna da yawa, su ma 'yan damfara sun ɓata musu suna.

A shirye muke mu zo gabanka da kwalaben da aka sayar mana, idan ka ba mu rana. Allah Ya taya ka riƙo, Ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya.

Mu ne naka,
Iyaye da 'yan'uwa masu jinya.