Kafin a Fesa Mana a Hanci, Mu Iya Tambaya

Wani dare da aka ɗauke wuta a hostel, muna zaune a baranda muna korar sauro, sai abokin ɗakina ya miƙo min wayarsa ya ce, "Kai ɗan lab, saurari wannan." Saƙon murya ne da aka turo a guruf ɗin ajinsu. Mai maganar yana ta rantsuwa cewa Turawa sun ga mun waye da allura, shi ya sa suka koma haɗa rigakafin da za a fesa a hanci, don ya zarce kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa. Nan take baranda ta rabu biyu. Wasu suka ce wallahi biri ya yi kama da mutum. Wasu suka fashe da dariya, wai ƙauyanci ne. Ni dai na kwanta da abin a raina, domin na lura a cikinmu babu wanda ya san yadda ake gwada rigakafi a jikin ɗan Adam, har da mu da muke wuni da farar riga a ɗakin gwaje-gwaje. Shi ya sa na zauna na yi karatu a kai, kuma ga abin da nake gani.

Da farko, rigakafin hanci ba sabon abu ba ne. Tun 2003 Amurka ta amince da FluMist, feshin rigakafin mura mai tsanani, kuma tun 2013 Ingila ke ba yara irinsa. Dalilin da ya sa masana ke son wannan hanya mai sauƙin fahimta ne. Allurar da ake yi a dantse tana sa jiki ya haɗa sinadaran kariya masu yawo a cikin jini. Suna hana cuta kwantar da mutum, amma ba su cika yawa a cikin hanci ba, alhali ta nan korona da mura ke shigowa, a nan suke hayayyafa, daga nan kuma atishawa ke watsa su ga na kusa. Idan aka fesa rigakafi a hanci, ana fatan jiki zai ajiye wani nau'in kariya da ake kira IgA a cikin majina. Wato mai gadi ya tsaya a bakin zaure, maimakon ya jira ɓarawo a tsakar gida. Ga kuma rashin tsini, ga sauƙin bayarwa. Mu ma mun san ɗan'uwan wannan dabara: ɗigon shan inna da ake yi wa yara a baki yana gina kariyarsa ne a cikin hanji, inda ƙwayar cutar ke zama.

To, kyawun dabara a takarda daban, aikinta a jikin mutum daban. A nan ne gwajin matakin farko ke shigowa. Bayan an gama da dabbobi, sai a nemi masu sa kai, manya masu ƙoshin lafiya, galibi 'yan gomomi kawai. A fara ba wasu kaɗan ɗan ƙaramin awo, a zuba musu ido na kwanaki, in ba a ga matsala ba a ƙara wa rukuni na gaba. Kowa yana rubuta abin da ya ji: zazzaɓi, ciwon kai, toshewar hanci, haɓo. Ana ɗibar jininsu da ruwan hancinsu ana aunawa. Tambaya biyu kacal ake neman amsarsu: shin abin yana cutarwa? Shin jiki ya amsa? Maganar ko yana hana kamuwa da cuta sai a mataki na uku, inda ake gwada dubban mutane.

Misalin da ya fi burge ni shi ne wanda bai yi nasara ba. A Jami'ar Oxford, masu bincike sun ɗauki rigakafin korona na AstraZeneca, irin wanda aka yi wa da yawanmu a dantse, suka fesa wa mutum 42 a hanci. Talatin daga ciki ba su taɓa yin rigakafin korona ba, sha biyu kuma sun riga sun yi allura sau biyu. Ba a ga wata mummunar illa ba. Amma da aka auna ruwan hancinsu, 'yan kaɗan ne aka samu kariyar da ake nema, a cikin jini ma ba ta kai ta allura ƙarfi ba, kuma bakwai daga cikinsu sun kamu da korona daga baya. Ɗaya daga cikin abubuwan da masu binciken suka yi zargi shi ne yawancin feshin yana gangarawa maƙogwaro a haɗiye shi, ciki ya lalata shi. A watan Oktoban 2022 suka wallafa sakamakon ƙarara, suka ce bai yi yadda suke so ba. Ka ga wannan shi ne gwaji. Mutum 42 suka ba da hancinsu, aka tsare miliyoyi daga dogaro da abin da ba ya aiki. A can Indiya kuma, kamfanin Bharat Biotech ya bi matakan da nasa ɗigon hancin mai suna iNCOVACC, hukumar ƙasar ta amince da shi a 2022, aka ƙaddamar da shi a Janairun 2023.

Yanzu bari in juyo kan masu dariya a baranda, domin su ma suna da abin ji. A Suwizalan, a lokacin sanyin 2000 zuwa 2001, an fitar da wani feshin rigakafin mura da aka gwada a kan mutum sama da 1,000 ba a ga komai ba. Da ya shiga hannun jama'a, cikin 'yan watanni aka samu rahoton mutum 46 da ɓarin fuskarsu ya shanye, baki ya karkace. Binciken da aka wallafa a 2004 ya nuna haɗarin ya ninka aƙalla sau 19 ga waɗanda aka fesa wa. An ɗora zargin a kan wani sinadari da aka ƙara don zaburar da garkuwar jiki, wanda aka samo daga gubar ƙwayar E. coli. An janye feshin daga kasuwa. Don haka mai saƙon murya ya yi ƙarya a maganar makirci, amma hanci yana maƙwabtaka da jijiyoyi masu muhimmanci, kuma masana da kansu suna sa ido a kan hakan. Darasin a nan shi ne, in ka ji an ce "an gwada a matakin farko, babu matsala," ma'anarsa ba a ga illar da ke yawan faruwa ba. Illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu ba za ta bayyana a cikin mutum arba'in ba. Sa ido dole ya ci gaba har bayan an fara bai wa jama'a. Ko FluMist ɗin ma, an taɓa daina ba da shawarar amfani da shi a Amurka daga 2016 zuwa 2018, saboda an ga ƙarfinsa ya ragu, sai da aka gyara aka dawo da shi.

Mu kuwa a Arewa, tsoronmu yana da asali. A 1996, lokacin da sanƙarau ya kashe mutum sama da 10,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka saka, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka saba da shi. Sha ɗaya sun rasu, wasu sun tashi da naƙasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba na zargin kowa da jin tsoro.

Sai dai gudun ma ya ci mu. A 2003 aka haife ni, shekarar da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohi. Umma ta sha ba ni labari tana dariya, yadda take ɓoye ni a ɗakin kakata in ta ji sallamar matan rigakafi. Ni Allah ya tsare ni. Wani tsarana a layinmu kuwa, da keken guragu yake zuwa masallaci har yau, kuma in na gan shi dariyar ba ta zuwa min. Daga wannan dakatarwa cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta kuɓuta daga ainihin ƙwayar. A 1996 an cuce mu saboda ba a tambaye mu ba. A 2003 mun cuci kanmu saboda mun ƙi tsayawa mu yi tambaya.

Me ya sa nake kawo wannan magana a mujallar ɗalibai? Saboda irinmu ake nema a gwajin matakin farko: matasa, masu lafiya, masu lokaci. Kuma mu faɗi gaskiya, masu aljihu a bushe. Duk wanda ya taɓa kai tsakiyar zango da garin kwaki da ƙuli ya san abin da "kuɗin mota" zai iya sa shi ya sa wa hannu. Ranar da irin wannan gwaji zai zo wani asibitin koyarwa kusa da mu, ina so ɗan'uwana ɗalibi ya shiga ɗakin da tambayoyi a bakinsa. NAFDAC ta amince da gwajin? Wane kwamitin ɗa'ar bincike ne ya duba shi, kuma ina takardar? Wane mataki ne wannan, kuma mutum nawa aka ba kafin ni? Me aka gani a dabbobi? In wani abu ya same ni, wa zai biya magani, har zuwa yaushe? Zan iya ficewa duk lokacin da na so ba tare da na rasa komai ba? Za a wallafa sakamakon ko da bai yi kyau ba? A ba ka takardar ka tafi da ita gida, ka karanta cikin harshen da kake ji, ka yi shawara da iyayenka. Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wanda ya ce maka "sa hannu kawai, lokaci na ƙurewa," ka ɗauki takalminka.

Akwai kuma wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya. In kullum a Ingila da Indiya ake gwaji, mu sai dai a kawo mana a kwali, to ba mu da tabbacin yadda feshin zai yi a hancin da ya saba da ƙurar hunturu da zafin bazara. Kuma in an zo yin gwajin a nan, wa zai riƙe kwalaben jinin, wa zai auna, wa zai rubuta lamba a littafi? Mu ne, 'yan sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje. Lokacin da na je IT a wani asibiti, na ga yadda ake iya musanya sunan kwalba cikin sakan ɗaya in hankali ya rabu. Amanar da muke nema daga kamfanonin waje, gobe a hannunmu za a neme ta.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu ita ce, kafin zangon nan ya ƙare, a gayyato likita ɗaya daga kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin koyarwa, da jami'in NAFDAC, da malamin addini, a zaunar da su a babban ɗakin taro, a buɗe fili kowa ya tambayi abin da ke ransa da Hausa. Kuɗin bai kai na daren casu guda ba. Ni ina ajin ƙarshe, wataƙila ban ga ranar ba. Amma na riga na gaya wa abokin ɗakina, in an yi, ya zo da saƙon muryar nan ya kunna a lasifika, a amsa masa jimla bayan jimla a gaban kowa.