JIRGI BA MATUƘI? DA SAKE!

'Yan uwa, wai Turawa na shirin fito da jirgin fasinja marar matuƙi, kwamfuta ce za ta tuƙa, don a cewarsu matuƙa ke jawo haɗari. To, a 1991 jirgin alhazanmu ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta, mutum 261 suka rasu. Tayoyi ne ba isasshiyar iska, aka tashi hakanan don gudun makara. Wace kwamfuta ke maganin wannan ganganci? A 2019 kuwa na'urar Boeing ce ta kifar da jirgin Habasha, matuƙa na ja tana dannawa, rayuka 157 suka salwanta. In iyayenmu za su tashi daga Katsina zuwa hajji, a bar mana matuƙin da ransa ke cikin jirgin.