Bitar kwana uku ba za ta kai intanet cikin aji ba

Duk lokacin da aka zo maganar gyaran makarantunmu, abin da ya fi yawo a bakin jami'ai shi ne wai malamai ne ba su iya fasahar zamani ba. Maganin da suke kawowa kuwa ɗaya ne: a tara malamai a ɗakin taro na kwana uku, a haska musu Google Classroom da Zoom a bango, a raba takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma mai tsada, domin an bar jaki ana dukan taiki. An ɗora wa malami laifi, an kau da kai daga ajin da zai koma ranar Litinin.

A leƙa ajin. Yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa, babu soket a bango, ko da akwai ma babu wuta. Malama ta fito da wayar da ta biya kuɗin cajinta a shagon bakin hanya, ta buɗe bidiyon da aka nuna mata wajen bita, ya tsaya yana ta juyi. 'Yan layin gaba ne kaɗai ke hango fuskar wayar, na baya sun fara surutu. Datar nan daga albashinta ta saya, ga shi tun farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarje wa kamfanonin waya su yi ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Sau biyu za ta gwada, a na uku ta koma ga allinta. Wanda ya kira wannan jahilci bai yi mata adalci ba, don kuwa da wayar nan take ganin shigar albashi, da ita take tura wa iyayenta kuɗi, kuma jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN a kwamfuta ake rubuta ta.

Wasu ƙasashen sun riga mu bin wannan hanya ta kai fasahar zamani makaranta ba tare da duba halin da aji yake ciki ba. Peru ta raba wa yara dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, wanda Nicholas Negroponte ya fito da shi a 2005. Binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya wallafa a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. A Kenya, Uhuru Kenyatta ya yi alkawarin kwamfuta ga kowane ɗan aji ɗaya a 2013, daga baya gwamnatinsa ta karkata ga gina ɗakunan kwamfuta a makarantu. Ko a ƙasashe masu arziki, rahoton ƙungiyar OECD na 2015 bai ga wani ci gaban a-zo-a-gani ba a inda aka zuba kuɗi sosai kan na'urori. Na'ura ta isa makaranta, amma yadda ake koyarwa bai canza ba.

Za a ce duniya ta wuce zamanin alli, ai tun 2015 hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma rufe makarantu lokacin korona a 2020 ya tona mana asiri. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ma bai kamata a yi wa aikin riƙon sakainar kashi ba. Sai dai a tuna, a waccan shekarar rediyo ne ya kai darasi ƙauyuka, saboda shi ne abin da ke hannun mutane. Darussan intanet ma ba su yi ƙaranci ba, tunda a 2022 ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF sun buɗe Nigeria Learning Passport. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wuta da data, da lokaci, da wanda zai tsaya kusa da malami ranar da abin ya ƙi buɗewa.

Wasu kuma za su ce malamai alawus kawai suke bi zuwa bita. To, bitar da aka gina a kan alawus da hoto, babu mai zuwa daga baya ya ga me aka yi da ita, dole ta haifar da haka. A mayar da horon cikin makaranta. A ware sa'a ɗaya kowane mako a jadawali, malamin da ya ɗan gane ya zauna da 'yan'uwansa, a ɗauki manhaja guda a yi ta maimaitawa a kan darasin da za a koyar gobe, a saukar da shi a waya yadda zai buɗe ko babu sabis. Kuɗin otal da na jakar bita su koma sola, da majigi ɗaya, da datar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, za ta riƙa biya. Idan zango ya ƙare, mai duba makarantu ya bar ƙirga takardun shaida, ya kira ɗan aji uku ya miƙa masa littafin Hausa ya ji ko zai karanta.