Ruwa da hanya a ƙasar Adar: ina ya kamata a fara gyara?

A watan Agusta na shekarar 2024, ruwa ya tafi da motoci biyu a kan hanyar Tawa zuwa Tiliya. Mutanen da ke ciki ƴan kasuwa ne, za su cin kasuwar Telemses. Fiye da mutum 50 suka rasu. A wannan watan kuma ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai na wasu kwanaki, har man fetur ya yi wuya a birnin. A ƙarshen daminar, hukuma ta ce kusan mutum 400 sun rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya da rabi sun yi asara. An ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba.

Wannan ya sa dole mu tambayi kanmu: me ya sa ruwa yake cin hanyoyinmu, kuma me za a yi?

Amfanin hanya ga mutanen Tawa

Manyan hanyoyi biyu ne suke riƙe da birnin Tawa. Ta farko ta taso daga Tsarnawa, kusa da Birnin Ƙwanni, ta biyo ta Badagishiri. Ta biyu ta tashi daga Tawa, ta ratsa Tabalak da Abalak, ta nufi Agadas da Arlit. Ita ce ake kira hanyar uraniyom, an gama ta wajen shekarar 1980.

Ta waɗannan hanyoyi albasa da dabbobi suke fita. Ta nan shinkafa, mai, magani da siminti suke shigowa. Idan hanya ta yanke, albasa ta ruɓe cikin buhu, kayan masarufi su yi tsada, mace mai naƙuda ta kasa isa asibiti. Saboda haka lalacewar hanya asarar kowa ce, har da wanda bai taɓa mallakar mota ba.

Me ya sa ruwa yake cin hanya?

Ruwan da ake samu a Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba. Amma sau da yawa yakan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Masana sun lura cewa irin wannan ruwa mai ƙarfi ya ƙaru a yankin Sahel tun daga shekarun 1980, saboda ɗumamar duniya.

Ƙasar Adar kuwa ƙasar tuddai ce da duwatsu. Inda aka sare itatuwa, ƙasa ta zama fako, ruwa ba ya shiga cikinta. Sai ya gangaro da gudu, ya taru a ƙorama, ya kwaso yashi da tsakuwa. Hanya kuma tana kwance a gabansa. Idan kadarkon da ke ƙarƙashinta ƙarami ne, ko yashi ya toshe shi, ruwa zai hau bisa kwalta, ya ƙwaƙule gefenta, ya karya ta.

Akwai dalili na uku, wato lodi fiye da kima. Babbar mota mai nauyi tana tsaga kwalta, ruwa ya bi tsagar ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi. Tun 2005 ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka kafa dokar iyakance nauyin manyan motoci. Kiyaye wannan doka yana ƙara wa hanya kwana.

Darasi daga bakin teku

Tawa tana nesa da teku, amma kayanta da yawa daga tashar jiragen ruwa suke zuwa. Bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya masu yawa sun koma bi ta Lome, a ƙasar Togo.

Can ma ruwa yana cin hanya. Tsawon ruwan teku ya ƙaru da wajen santimita 20 tun daga shekarar 1900. Ban da haka, katangar tashar Lome, wadda aka gina a shekarun 1960, ta tare yashin da teku yake kai wa gaɓar gabas. Sai teku ya shiga cin gaɓar. Har sau biyu ya cinye hanyar Lome zuwa Aneho, aka ja da baya aka yi sabuwa. A 2022 da 2023, Togo da Benin suka haɗa kai, da tallafin Bankin Duniya, suka jera manyan duwatsu suka zuba yashi don kare gaɓarsu tare.

Darasin shi ne: wanda ya kare wurinsa shi kaɗai, yakan tura ɓarna wurin maƙwabcinsa. Haka yake a Adar. Idan aka ɗaga hanya ba a yi wa ruwa mafita ba, zai juya ya shiga gonaki da gidaje.

Gada ko shimfiɗar siminti?

Inda hanya ta tsallaka ƙorama, dabara biyu ake yi. Ko a gina gada, ko a shimfiɗa siminti a ƙasa ruwa ya wuce ta kai, abin da ake kira radiye. Gada tana ba da damar wucewa kowane lokaci, amma tana da tsada ƙwarai. Radiye yana da sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, amma idan ƙorama ta kawo, dole a jira. Ƙasa mai ƙarancin kuɗi ba za ta iya yin gada a kowace ƙorama ba. Abin da ya dace shi ne a yi gada a manyan hanyoyi da wuraren da suka saba cin rai. Sauran wurare a yi radiye mai ƙarfi, a kafa sanduna masu nuna zurfin ruwa.

Gyara daga bisa tudu

Mutanen Adar sun riga sun san wata dabara. A 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita, da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO. Mazauna ƙauyuka, yawancinsu mata, sun jera duwatsu, sun haƙa ramuka, sun yi madatsan ruwa. An dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da dubban hektoci. A yankin Illela kuma manoma sun rungumi tassa da rabin wata.

An yi waɗannan ayyuka don noma, amma suna kare hanya. Duk ruwan da ya tsaya a gona, ya shiga ƙasa, ba zai zo ya karya kwalta ba. Ga shi kuma yana ƙara amfanin gona da ruwan rijiya. Don haka bai kamata masu aikin hanya da masu aikin gona su yi aiki dabam-dabam ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin wa ke nan?

Hukuma: ta yashe kadarko da magudanan ruwa kafin damina. Kuɗin da asusun gyaran hanyoyi na FER yake karɓa a shingen biya, don irin wannan aiki ne. Sababbin kadarko kuma a yi su daidai da ruwan yanzu, ba na shekaru 40 da suka wuce ba.

Magadan gari da hakimai: su hana gini a kan hanyar ruwa. Su sanar da jama'a hasashen damina da cibiyar AGRHYMET da ma'aikatar yanayi suke bayarwa kowace shekara.

Mazauna gari da ƙauye: kada mu zuba shara a magudanan ruwa. Kada mu ɗebi yashi ko dutse a gindin gada. Idan mun ga ruwa ya fara cin gefen hanya, mu gaya wa magajin gari tun da wuri.

Direbobi da fasinja: ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, wanda ya wuce gwiwa yana iya tafiya da babba. Ƙorama takan kawo ko da ba a yi ruwa a wurin ba, domin an yi shi can bisa tudu. Yawanci takan janye bayan ƴan sa'o'i. Fasinja yana da ikon cewa a tsaya, ko a sauke shi. Kasuwa tana ci kowane mako, rai kuwa ɗaya ne.

Hana ruwa sauka ba ya hannunmu. Amma rage masa gudu tun daga tudu, buɗe masa mafita a ƙarƙashin hanya, da jira har ya wuce, duka suna hannunmu. Lokacin wannan aiki shi ne rani, kafin hadari ya haɗu.