Allon shago: ku tambayi irin ledar kafin ku biya

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, maza da mata, duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ko Kasuwar Dole ta Damagaram zai ga alluna da rubutunsu ya koɗe, rabin lambar tarho ta ɓace. Mai shago zai ce aikin rana ne. Rana tana da nata laifi, amma a ganina ɓarnar tun wurin ciniki take farawa.

Akwai injin buga rubutu da ba ya amfani da tawada mai ruwa. Wata siririyar leda mai launi ce, wadda masu aikin ke kira ruban, kan injin ke gasawa har launin ya narke ya manne a jikin otokolan. Ruban iri 3 ne: na kaki, na rezin, da gauraye. Na kaki ya fi arha, amma don takarda da kwalin da ke cikin inuwa aka yi shi. Na rezin ya fi tsada, kuma shi ne ke jure rana da ruwa da gogewa.

To, mu ne muke tayawa har mai aiki ya rasa riba. Shi kuwa ba zai faɗi ba, sai ya sa mai arhar. Ranar karɓa duka biyun suna sheƙi, ba ka bambanta su. Sai watan Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, sannan damina ta biyo baya. Jikka biyun da aka rage sai ta jawo sabon allo.

Gwajin ba shi da wuya. Ku ce a buga muku ɗan guntu tukuna. Ku kankare shi da farce, ku goga auduga mai alkol. Na kaki nan take yake damewa, na rezin yana nan daram. Mai aikin da ya ƙi wannan gwaji, ku san akwai dalili.

Mata masu man gyaɗa da masu zoɓo, ku ma abin ya shafe ku. Mai da raɓar ƙanƙara suna lalata tambarin takarda. Ku nemi na roba da aka buga da rezin.

Ba kowane aibi ne na ruban ba. In kun ga farin layi siriri ya ratsa rubutun daga farko har ƙarshe, galibi datti ne a kan injin, abin da ba a rasawa lokacin hunturu. A goge da alkol. In layin bai tafi ba, kan ne ya lalace. In kuma zanen ya bi karkace, ledar ce ta yamutse, ko don zafi ya yi yawa ko don ba a ɗaura ta daidai ba. Wannan aikin mai injin ne ya sake, ba ku za ku biya ba.

Launi ma a kula. Ja da ruwan zinariya mai walƙiya, waɗanda muka fi so, sun fi saurin koɗewa. Suna da lambar tarho dai a buga su da baƙi.