Wa Za a Ƙirga Cikin Ma'aikatan Ruwa da Wuta a Kwandiko?

Idan masanin halittu yana son sanin lafiyar rafi, yakan ɗaga duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa ya duba abin da ke maƙale da su. In ya tarar da tsutsar ƙwarin nan na dangin Ephemeroptera, to ruwan yana da wadatar iskar oksijin, domin ba ta jure ƙazanta. In kuwa jajayen tsutsotsin Chironomus ne suka cika lakar, ruwan ya gurɓace, don jininsu yana ɗauke da himogulobin irin namu, shi ya sa suke rayuwa inda sauran suka mutu. Rafukan biyu duk cike suke da rai, amma irin halittar da aka samu ita ce ke ba da labari.

Masana tattalin arziki su ma suna da irin wannan awo. Ɗaya daga ciki shi ne yawan ma'aikatan wutar lantarki da ruwan famfo a yanki. A Amurka, ofishin ƙididdigar ƙwadago yana fitar da wannan adadi kowane wata. Hujjarsu ita ce sabuwar masana'anta ko unguwa tana buƙatar waya da bututu da mita, da kuma masu kula da su.

A ganina, in aka ɗauko wannan mudu yadda yake aka auna Kwandiko ta ƙaramar hukumar Gwaram da shi, ƙarya zai yi mana. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Jigawa da Kano da Katsina suka faɗa hannun KEDCO. Dubban ma'aikata aka sallama a faɗin ƙasa. Adadi ya faɗi saboda shawarar da aka yanke a Abuja, alhali cinikin hatsi da dabbobi a kasuwar Sara bai san an yi ba.

Babban aibin kuwa shi ne, yawancin masu shayar da ƙauyukanmu da haskaka su ba sa cikin takardar albashin kowa. Akwai ɗan garuwa da kurarsa ta jarkoki, da mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa, da mai haƙa rijiyar burtsatse, da mai cajin waya da janareta, da matashin da ya koyi haɗa sola. A nan darasin rafi yake da amfani. Ƙaruwar 'yan garuwa a unguwar da aka taɓa shimfiɗa bututu, jar tsutsa ce: famfo ya ƙafe. Ƙaruwar masu walda da injin niƙa da ke aiki da wutar layi kuwa alama ce ta lafiya. Wanda ya tara su duka a jimla ɗaya ya ɓatar da labarin. Ko Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da ta sauya tsarin lissafinta a 2023 ta ɗauki mai aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 cikin ɗari zuwa 4.1, ba tare da tukunyar kowa ta ƙara nauyi ba.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, kuma tsari ba ya yiwuwa sai da alƙaluma daga mazaɓu. Wannan aiki ɗaliban sakandare za su iya shi. Malamin kimiyya a Birnin Kudu ko Gwaram ya raba ajinsa unguwa-unguwa, bayan an nemi izinin mai unguwa. A ƙirga kowace sana'a daban, a rubuta kuɗin jarka ɗaya da na cajin waya ɗaya, da yawan famfunan da ke aiki da waɗanda suka lalace. A yi ƙidayar sau biyu a shekara, a watan Afrilu lokacin da rijiyoyi suka ja baya, da watan Agusta tsakiyar damina, a littafi ɗaya da aji zai riƙa gadar wa aji.