"Permanent" Ba "Har Abada" Ba Ce

Wani kuskure ya samu gindin zama a alƙaluman masu fassara da 'yan jarida: mayar da kalmar "permanent" zuwa "madawwami" ko "na har abada". Sakaci ne mai tsada, domin Turanci ya bambanta abubuwa biyun da ake cakuɗawa.

"Eternal" ta fito daga kalmar Latin "aeternus", tana nufin abin da ba shi da farko, ba shi da ƙarshe: tun fil'azal har abada. "Permanent" kuwa daga "permanere" take, wato ci gaba da zama. Alkawarinta ƙarami ne: abin ba na wucin gadi ba ne, shi ke nan.

Aikin gwamnati a Najeriya shaida ne. Wanda aka ba "permanent appointment" ritaya na jiransa da zarar ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 a bakin aiki. Shi kansa "permanent secretary", a 2009 gwamnatin 'Yar'aduwa ta yanka masa wa'adin shekara huɗu da ake sabuntawa sau ɗaya. Ina dawwamar take?

Masu cewa ai kalma ce kawai sun manta da wanda aka fassara wa takardar yarjejeniya. Da ya ji "har abada", ba zai ƙara tambayar sharuɗɗan soke ta ba, sai ranar da aka soke.

Hausa ba ta rasa kalma ba. Tana da "dindindin", kishiyar "wucin gadi". Mai fassarar da ya tsallake ta ya ɗauko "har abada" ya yi wa mai karatu alkawarin da takardar ba ta yi ba.